Kundin tambayoyin kacici-kacici: inda aka kwana

4 ga Satumba

Na soma aikin kundin. Niyyata in tara tambayoyi 500 na gamammen ilimi, kowacce a kan katinta, amsa a bayan katin tare da layi ɗaya ko biyu na ƙarin bayani. Kashi huɗu na raba su: tarihi, labarin ƙasa, al'adun duniya, sai abubuwan yau da kullum.

Sharuɗɗan da na gindaya wa kaina ba su da yawa. Amsa ta kasance guda ɗaya tak, gajeriya, wadda za a faɗa da baki ba sai an rubuta ba. Kuma duk amsar da zan sa sai na gan ta a wurare biyu da ba su kwafi juna ba. Wannan na ƙarshen ya fi wuya, domin jerin "abubuwan ban mamaki" da ke yawo a intanet mafi yawansu ɗaya ne ya haifi saura. Za ka ga magana guda a shafi ashirin, har da kuskuren rubutun da ke cikinta, ka zaci shaidu ashirin ka samu.

12 ga Satumba

Da labarin ƙasa na fara, don a ganin kowa shi ne mai sauƙi: dutse ba ya gudu, kogi ba ya musu. Ashe kalmar "mafi" ce ke ɗauke da rigima.

Ɗauki tambayar da ba kundin da ba ta ciki: wane dutse ne ya fi tsawo a duniya? Kowa zai ce Everest, mita 8,849 bisa awon da Nepal da Sin suka sanar tare a watan Disambar 2020. Gaskiya ne, amma idan daga saman teku aka auna. In daga gindin dutsen za a fara, Mauna Kea na Hawaii ya haura mita 10,000, sai dai fiye da rabinsa yana nutse cikin teku, abin da ya leƙo waje mita 4,207 ne kawai. In kuma aka ce wane ƙololuwa ne ya fi nisa daga tsakiyar duniya, sai Chimborazo na ƙasar Ikwado ya karɓe kambun, ko da yake bai kai mita 6,300 ba. Dalili shi ne duniya ba dunƙulalliya ba ce sak, ta ɗan kumbura ta tsakiya, shi kuma Chimborazo yana zaune daf da wannan kumburin. Tsininsa ya ɗara na Everest nisa daga cibiyar duniya da kimanin kilomita biyu. Tambaya ɗaya ta koma uku, kowacce da ma'auninta a rubuce.

Kogi ma haka. Nilu ana ba shi kilomita 6,650, Amazon kuma wajen 6,400, amma masu awo ba su daina ja-in-ja a kan inda Amazon ya faro da inda ya ƙare ba, wasu ma sun ce shi ne kan gaba. Na cire tambayar tsawon gaba ɗaya, na maye ta da wadda ba mai gardama a kanta: wane kogi ne ya fi zuba ruwa a teku? Amazon, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Hamada mafi girma ita ce Antatika, in an bi ma'anar masana, wato ƙasar da ruwan sama ko ƙanƙara ke sauka kaɗan ƙwarai. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, Sahara kuma ta ɗan haura miliyan 9. Na rubuta "hamada mai zafi" a katin Sahara, na bar wa Antatika nata katin. Ba na son tambayar da nasararta ta dogara ga yaudarar mai amsa. Wanda ya ce Sahara ya san abin da yake faɗa, mai tambayar ne ya ɓoye ma'auninsa.

21 ga Satumba

Manyan birane. Na fara da waɗanda ake yawan faɗawa rami a kansu: Kanbera ce hedikwatar Ostareliya ba Sidni ba, Ankara ce ta Turkiyya ba Istanbul ba, Ottawa ce ta Kanada, Brasilia ce ta Brazil tun 1960. Waɗannan ba matsala.

Masu matsalar su ne irin Boliviya, inda tsarin mulki ya ce Sucre amma shugaban ƙasa da majalisa suna La Paz, da Holland, inda Amsterdam ke riƙe da suna, gwamnati kuma tana Hague. Afirka ta Kudu ana cewa uku gare ta: Pretoria ta zartarwa, Cape Town ta majalisa, Bloemfontein ta shari'a. To amma Kotun Tsarin Mulki, wadda ta fi kowace kotu a ƙasar, a Johannesburg take. Na bar tambayar a kan "ina majalisar dokoki take zama", na huta.

Yau ne kuma na ƙirƙiro jan ɗigo. Duk katin da amsarsa ke iya sauyawa ina ɗiga masa jan biro a kusurwa, in rubuta shekarar da na duba. Kazakistan ce ta jawo. An ɗauke hedikwata daga Almaty a 1997, sabon wurin ya zama Astana a 1998, ya koma Nur-Sultan a 2019, ya sake dawowa Astana a 2022. Duk kundin da aka buga a tsakanin nan ya tsufa ba laifinsa. Ƙasar da ta fi yawan jama'a ma ta samu ɗigo, tunda Indiya ta sha gaban Sin a 2023 bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya. Haka yawan mambobin majalisar, 193 tun shigar Sudan ta Kudu a 2011. Haka duniyoyin da ke kewaya rana, da suka koma takwas a 2006 bayan an sauke Pluto daga matsayinta.

3 ga Oktoba

Tarihi ya ci mini lokaci fiye da yadda na tsara, kuma ban yi nadama ba.

Yadda "mafi" ta addabi labarin ƙasa, haka "wa ya fara" ta addabi tarihi. Wa ya fara kewaye duniya ta ruwa? Littattafan makaranta da dama na cewa Magellan. Shi ne ya jagoranci tafiyar, jirage biyar suka bar Sifaniya a 1519, amma an kashe shi a tsibirin Mactan na Filifins a 1521. Juan Sebastián Elcano ne ya ƙarasa, ya dawo a watan Satumbar 1522 da jirgi ɗaya da mutum 18. Wa ya ƙirƙiro wayar tarho? Alexander Graham Bell ne ya samu takardar mallaka, amma a ranar da aka kai tasa ofis, 14 ga Fabrairun 1876, an kai ta Elisha Gray ma. Wa ya fara ɗab'i da haruffa masu cirewa? Gutenberg a Jamus wajen 1450, in Turai kaɗai ake nufi. Bi Sheng ya yi nasa da yumɓu a ƙasar Sin tun wajen 1040, kuma akwai wani littafin addinin Buda da aka buga da haruffan ƙarfe a Koriya a 1377, yana nan ajiye a babban ɗakin karatu na Faransa. Kolombus ma da 1492 ɗinsa, mutanen arewacin Turai sun riga shi taka Amurka da kusan shekara ɗari biyar, an tono kufansu a Newfoundland. Su kuma duk sun tarar da masu gida.

Na yanke cewa "wa ya fara" ba za ta shiga kundin ba sai da wuri da sharaɗi a jikinta. Tambayar ta kan yi tsawo, ta rasa ɗan zaƙinta, amma gara haka.

Abin da ya fi burge ni a wannan kashin shi ne kalanda. Kalandar Julius ta ɗauka shekara kwana 365 da rubu'i ce cif, alhali ta gaza haka da kimanin minti 11. Mintocin suka yi ta taruwa har suka zama kwana goma, sai Fafaroma Gregory na 13 ya gyara a 1582: aka kwanta ranar 4 ga Oktoba, aka tashi 15 ga Oktoba. Ba kowa ya bi ba. Birtaniya sai 1752, inda 14 ga Satumba ta biyo bayan 2 ga wata. Rasha sai 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba ya faɗo ranar 7 ga Nuwamban 1917 a lissafin yanzu. Suwidin kuwa ta so ta bi a hankali, ta riƙa zubar da ranar 29 ga Fabrairu har ta cimma sauran. Ta zubar da ta 1700, ba ta zubar da ta 1704 da 1708 ba, sai ta wayi gari kalandarta ba ta dace da ta kowa ba. Don ta koma tsohon lissafi, a 1712 ta ƙara wa Fabrairu kwana biyu. Saboda haka tambayar "an taɓa yin 30 ga Fabrairu?" tana da amsa: e, a Suwidin, 1712. Wannan katin shi ne na fi so zuwa yanzu.

Ƙananan da na ƙara a gurguje: Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Ingila da Faransa, 1337 zuwa 1453, shekara 116 ke nan. Yaƙin Birtaniya da Zanzibar na 27 ga Agustan 1896, wanda bai kai awa guda ba. Yaƙin Adwa a 1896, inda Habasha ta ci Italiya. Marie Curie da lambobin Nobel biyu a fanni biyu, 1903 da 1911.

9 ga Oktoba

Ba sabuwar tambaya wannan makon. Kwafe katunan nake zuwa kwamfuta, ina tsince waɗanda suka maimaita juna. An haura 200.

22 ga Oktoba

Gwajin farko da mutane. Na tara wasu abokai da ƙannensu, na raba su gida biyu, na ɗauko katuna daga kowane kashi.

Na lura da abin da ba a gani daga kan tebur. Tambayar hadda zalla, irin "a wace shekara aka yi kaza", in an karanta sai wuri ya yi tsit. Ko ka sani ko ba ka sani ba, ba abin tattaunawa. Amma da na karanta: "Zamanin sarauniya Cleopatra ya fi kusa da gina babbar dalar Giza, ko da saukar ɗan Adam a duniyar wata?" sai kowane ɓangare ya haɗa kai ana ƙus-ƙus. Wani ya ce ai duk Masar ce, Fir'aunoni ne, dala mana. Wata yarinya a cikinsu ta ce, "Yaya, tsaya. Da dala ce amsar ai ba za a yi tambayar ba." Ita ta ci. An gina dalar wajen shekara 2,560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Cleopatra ta mutu shekara 30 kafin haihuwarsa, an sauka a wata a 1969. Shekara dubu biyu da ɗari biyar ta baya, dubu biyu ta gaba. Ita yarinyar ba lissafi ta yi ba, halin mai tambaya ta karanta, kuma wannan ya nuna mini wani abu: in kowace tambaya mai zaɓi biyu amsarta ita ce ta ban mamaki, masu wasa za su gane salon su daina tunani. Dole in cakuɗa da waɗanda amsarsu ita ce wadda hankali ya fara kawowa.

Inda aka yi ka-ce-na-ce sosai shi ne a kan ƙasar da ta fi yawan bambancin agogo. Ɓangare ɗaya ya ce Rasha, mai 11. Katin ya ce Faransa, mai 12, saboda yankunanta na ƙetare da ke warwatse daga Karibiyan zuwa tekun Fasifik. Babban cikinsu ya ce, "Malam, wannan ai zalunci ne, wa ke tuna tsibirai in an ce Faransa?" Na ba kowa makinsa. Katin yanzu yana cewa "har da yankunan ƙetare". Irin wannan ce ta iyakar Faransa mafi tsawo, wadda ba da Sifaniya ko Beljiyam take ba, da Brazil take, kilomita 730, ta Guiana ta Faransa. Wannan kam dariya aka yi, ba wanda ya yi fushi.

Tambayar ranar haihuwa ba wanda ya yarda da amsarta. Mutum nawa za a tara a ɗaki kafin yiwuwar a samu biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta wuce rabi? Amsa 23. An yi ta cewa 183, wato rabin shekara. Na yi bayani cewa ba kai ake gwadawa da saura ba, kowa ake gwadawa da kowa, kuma mutum 23 suna ba da haɗi biyu-biyu har 253. An gyaɗa kai, amma na ga alamar ladabi ne kawai. Bayanin bayan katin yana buƙatar gyara.

5 ga Nuwamba

Kashin al'adu shi ne ya fi rauni, kuma na gane dalili. Mafi yawan tambayoyin da ake samu a shirye sun karkata ga Turai da Amurka: masu zanensu, sarakunansu, mawaƙansu. Wanda bai taso cikin wannan ba sai ya ji kamar shi ne jahili, alhali zaɓin mai tambaya ne. Ina ƙoƙarin baza komar. Papua New Guinea da harsunanta sama da 800. Kalandar Habasha mai wata 13, goma sha biyu masu kwana talatin-talatin, na ƙarshen kwana biyar ko shida. Taj Mahal da Shah Jahan ya gina a Agra saboda matarsa Mumtaz Mahal da ta rasu a 1631. Masallaci kuma cibiyar ilimi ta Al-Qarawiyyin a birnin Fas na Maroko, da aka kafa a 859. Ibn Battuta da ya bar Tanja a 1325, shekara guda bayan hajjin Mansa Musa.

Tutoci sun cece ni, don kowa yana da ido. Ta Nepal ce kaɗai ba mai kusurwa huɗu ba. Ta Switzalan da ta Batikan tsawonsu da faɗinsu ɗaya. Ta Chadi da ta Romaniya sai ka ƙura ido a kan shuɗin kafin ka raba su. Haiti da Liechtenstein kuwa sai a gasar Olamfik ta Berlin a 1936 suka gano tuta ɗaya suke ɗagawa, shuɗi a sama ja a ƙasa, shekara ta zagayo Liechtenstein ta ɗora kambi a kan tata.

Wasanni na saka su nan, ko da yake wani zai ce su ci gashin kansu. Kofin duniya na farko a Uruguay, 1930, ƙasashe 13, mai masauki ta doke Ajantina da ci 4 da 2. Tseren gudun fanfalaki mai kilomita 42.195, tsawon da ya samo asali daga gasar Landan ta 1908, aka tabbatar da shi a 1921.

17 ga Nuwamba

Abubuwan yau da kullum. Na zaci nan ne zan rasa abin tambaya, sai ga shi ya fi kowane kashi cika da sauri, domin duk abin da hannu ya taɓa yana da dalili a bayansa.

Farar takardar A4 da ake sa wa na'urar buga takardu, milimita 210 ce da 297. Lambobin kamar an tsinto su, amma ba haka ba ne. Uwarsu A0 faɗinta murabba'in mita ɗaya ne, kuma an zaɓi tsawo da faɗin ta yadda in ka ninke ta biyu, rabin zai fito da siffar uwar sak. Ninki huɗu ya kawo ka A4, wato 16 ke fita daga A0 guda. In an rubuta giram 80 a jikin ƙunshin, nauyin murabba'in mita ake nufi, saboda haka falle ɗaya giram 5 ne. Na yi kati uku daga takarda ɗaya.

Sauran da suka shiga: ruwa na tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, amma a ƙololuwar Everest wajen digiri 70 ya ishe shi, saboda iska ba ta danne shi sosai. Hasken rana na ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso. Duniya ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, miliyan 152, don haka karkatar duniya ce ke kawo sauyin yanayi, ba kusanci ba. Shekarar 2000 ta samu 29 ga Fabrairu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Macen sauro ce kaɗai ke cizo. Suwidin ta sake leƙowa: ranar 3 ga Satumban 1967 da asuba aka tsayar da duk motocin ƙasar, suka tsallaka daga hannun hagu zuwa na dama, ƙarfe biyar aka ci gaba da tafiya.

Na kuma buɗe wani ɗan kashi na "gaskiya ko ƙarya" don maganganun da suka yi kaka-gida a bakin mutane. Cewa ana hango Babbar Ganuwar Sin daga wata: ƙarya, ɗan sama-jannatin Sin na farko, Yang Liwei, ya ce ko daga kewayen duniya bai gan ta ba a 2003. Cewa kashi goma cikin ɗari na ƙwaƙwalwa kawai muke amfani da shi: ƙarya. Cewa Greenland ta kai Afirka girma, kamar yadda taswirar bango ke nunawa: ƙarya, Afirka ta ninka ta wajen sau 14, salon zanen Mercator na 1569 ne ke kumbura duk abin da ya yi nesa da tsakiyar duniya. Saboda darasin gwajin da ya wuce, na sa masu amsar "gaskiya" daidai yawan masu "ƙarya". Misali tsibiran Diomede biyu, ɗaya na Rasha ɗaya na Amurka, tazararsu ba ta kai kilomita huɗu ba amma agogonsu ya bambanta da kusan kwana guda.

30 ga Nuwamba

Kundin ya kusa 400. Labarin ƙasa da abubuwan yau da kullum sun cika har sun yi rara, tarihi ya kusa, al'adu ne ke jan ƙafa. Katunan jan ɗigo sun fi yadda na zata yawa, kuma zan sake duba su duka kafin a buga komai, musamman na yawan jama'a da sunayen ƙasashe, tunda Swaziland ta zama Eswatini a 2018, Masedoniya ta ƙara "ta Arewa" a 2019.

Abin da ya rage a watan gobe: in raba katunan mataki uku na wahala, in sake rubuta bayanin tambayar ranar haihuwa da ɗan zane, in nemo tambayoyin al'adu daga Kudancin Amurka da tsakiyar Asiya, inda kusan ba ni da komai. Gwaji na biyu zan yi shi da mutanen da ba su halarci na farko ba, kuma wani ne zai karanta katunan, ni ina gefe ina rubuta duk inda aka ce "me kake nufi?"